Ana gardamar iri a Abuja, guba kuwa tana cikin buhun wake

Tun shekarar 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya, saboda an yi ta samun ragowar sinadarin dichlorvos a jikinsa, a wasu buhunan har ninki ɗaruruwa a kan abin da dokarsu ta amince. Wannan sinadari shi ne ruwan da ke cikin kwalbar Sniper, shi ne kuma ake tsiyayawa a ƙananan kwalabe ana sayarwa da sunan fiya-fiya. Waken da Turawa suka ƙi bai tafi ko'ina ba. Mu muka cinye shi a ƙosai da alale da garau-garau, muka ba yaranmu.

Duk da haka, in ka saurari masu fafutukar kare abincinmu a 'yan shekarun nan, kusan duk ƙarfinsu ya koma kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta. Akwai wake SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, akwai masarar TELA da aka amince da ita a 2024. Ƙungiyoyin kare muhalli irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey sun tsaya kai da fata a kan a hana su, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a yi bincike a 2024.

Ina tare da su a wasu tambayoyin, domin tambayoyi ne na gaskiya. Burkina Faso ta rungumi audugar kamfanin Monsanto da aka sauya wa ƙwayar halitta a 2008, zaren ya fito gajere, darajarsa ta faɗi a kasuwar duniya, ƙasar ta watsar da ita a 2016. Masarar TELA irin aure ce, manomi ba zai ɗebi iri daga rumbunsa ya samu yabanya kamar ta bara ba, sai ya koma wurin kamfani kowace damina. Wanda ya gaji ajiye iri daga kakanninsa yana da hakkin ya tambayi wa zai riƙa yanke masa farashi nan gaba. Mai saye ma yana da hakkin sanin abin da yake ci, alhali a kasuwarmu da tiya ake awo, babu inda za a liƙa wata alama. Hukumar NBMA da ke ba da izinin fitar da irin wannan iri tun kafa ta a 2015 ya kamata ta baje sakamakon gwaje-gwajenta da Hausa da sauran harsunanmu, kowa ya gani.

Inda na rabu da wasunsu shi ne saƙonnin da ke yawo a WhatsApp cewa wannan iri yana hana haihuwa, ba tare da wata hujja ba. Mun ga abin da irin wannan magana ta jawo mana a 2003, lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna. Fafutukar da ta jingina da jita-jita tana zubar da mutuncinta, ranar da ta faɗi gaskiya ma ba za a saurare ta ba.

Gubar feshi kuwa ba ta bukatar jita-jita, ido yana ganinta. Shiga gona da farkon damina ka ga yaron da aka ɗauka aikin feshi: famfo a bayansa yana yoyo a kan rigarsa, ƙafa babu takalmi, hanci a buɗe. In bakin famfon ya toshe, sai ya sa bakinsa ya hura. Ya gama ya wanke hannu sama-sama ya zauna cin ɗumame, kwalbar da ta ƙare kuma a ɗauraye ta a zuba man gyaɗa. Maganin ciyawa na paraquat, wanda Turai ta haramta tun 2007, ba shi da makari in ya shiga cikin mutum. NAFDAC ta sanar da haramta shi, kamar yadda ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni a 2019. Doka ta tsaya a takarda, fiya-fiya kuwa har yau mai tura baro yana talla da ita.

Ga abin da masu goyon bayan sabon irin da masu adawa da shi ba su cika faɗa ba. An ƙera SAMPEA 20-T ne don ya jure wa tsutsar maruka mai cin fure da kwanson wake a gona, masu shi kuma suna cewa yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Ko da hakan ya tabbata a kowace gona, ba ya hana ƙwaron da ke huda wake bayan an kai shi sito. A can ne ɗan kasuwa, don tsoron asarar jarinsa, yake yayyafa Sniper ko ya cusa ƙwayar maganin ƙwari cikin buhu, ya fitar da kayan kafin gubar ta gushe. Ko an hana sabon irin gobe, ko an shuka shi a kowace gona, wannan kwalbar tana nan a sito.

Maganin matsalar kuma yana hannunmu tuntuni. Buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka inganta tare da takwarorinsu na Kamaru da Nijar, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaron ya rasa numfashi ya mutu, babu ɗigon magani. 'Yan kasuwa suna kukan tsadarsa, kuma kukansu yana kan hanya ga mai ajiye buhu dubu.

A nan nake son ganin ƙarfin masu fafutuka. Su matsa wa gwamnonin Arewa da ke raba taki da rangwame kowace shekara su sa wannan buhu cikin tallafin. Su nemi a kafa wurin gwajin ragowar guba a Dawanau da sauran manyan kasuwannin hatsi, a riƙa ɗibar wake daga sito ana aunawa, a bayyana sakamako a rediyo. Su nemi a horar da masu feshi a ba su safar hannu da takalmi da abin rufe hanci, a kuma bi dillalan da ke shigo da abin da NAFDAC ta riga ta haramta tun daga tashar jiragen ruwa da kan iyaka.