Kilomita 12 a Takarda

A taswira, tsakanin ƙofar gandun dajin da kwarin da za mu kwana bai wuce tsawon ɗan yatsana ba. Kilomita 12 kacal. Na ce wa jami'in da zai yi mana jagora ai kafin rana ta take mun isa. Ya dubi sabon takalmina mai sheƙi, ya ɗaga jakata ya dire, ya ce, "Malam, ƙaura za ka yi?" Ruwa lita 5 ne a ciki, wato kilo 5 ke nan, da littattafai biyu, da kujerar naɗewa. Rigar sanyi kuwa a mota na bar ta, don zufa nake yi.

Ashe tun 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafin abin: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Mu kuwa mita 1,500 ke jiranmu. Awa biyar ke nan ga mai ƙafa. Bawan Allahn nan bai san da irina ba, awa tara na yi.

Duk tudun da na hango na ce shi ne na ƙarshe, sai mun hau in ga yayansa a bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Sau bakwai jagora yana cewa "mun kusa", har na daina tambaya don kada mu ɓata. Takalmi ya yi mini bororo a duga-dugai biyu, gangara kuma ta fi hawa mugunta, gwiwoyina na rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu.

Kwarin dai ya yi kyau, ba ƙarya. Amma kowace mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, da dare kuma iska mai sanyi gangarowa take yi ta taru a ƙasan kwari, daidai inda na kafa tanti. Na kwana ƙudundune, ƙafafuna cikin jaka, haƙora na kaɗawa.

Da safe na zauna a kujerata, don kada ɗaukarta ta tashi a banza, na tambayi jagora ta ina mota za ta zo ɗaukarmu. Bai ce uffan ba, ya nuna mini tudun da muka gangaro jiya.