Gudummawar bayan Juma'a ba ta isa tayar da ɗan kasuwa ba

Daminar bara ruwa ya shigo rumfarmu a kasuwa a Legas cikin dare. Da asuba muka tarar buhunan wake sun kumbura har ɗinki ya ɓalle, albasa kuwa kwana biyu ta soma wari. Abin da muka saba shi muka yi: bayan Juma'a aka shimfiɗa tabarma a ƙofar masallaci, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Allah ya saka da alheri. Amma kafin a tattara a raba an shafe wata biyu, maƙwabcina da ya ɗauko kaya bashi daga Dawanau tuni ya kwashe komatsansa ya koma gida.

Tun lokacin abin ke cin raina. Mutanenmu ba su da rowa, lokacin tara kuɗin ne muka kuskure.

Ƙasashen tsibiran Karebiyan, waɗanda guguwar teku ke yi wa ɓarna kusan duk shekara, sun gaji da yawon neman agaji. A 2007 suka haɗa asusun inshora guda mai suna CCRIF, kowace ƙasa tana zuba nata duk shekara. Abin da ya burge ni shi ne ba a jiran a ƙirga gidajen da suka rushe. Tun farko an yi yarjejeniya: in ƙarfin iska ko na girgizar ƙasa ya kai kaza, kuɗi zai fito cikin kwana 14. Da girgizar ƙasa ta ruguza babban birnin Haiti a Janairun 2010, ƙasar ta karɓi kusan dala miliyan 8. A kan girman ɓarnar, kuɗin bai taka kara ya karya ba, na yarda. Amma ya iso tun alkawuran manyan ƙasashe suna kan takarda. Turkiyya ma sai da girgizar 1999 ta gasa mata aya a hannu sannan ta wajabta inshorar girgizar ƙasa a kan gidajen birane.

Mu a Legas ruwa ne da gobara, kuma ruwan ba ya zuwa a ɓoye. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina tun farkon shekara. In aka saki ruwan madatsar Oyan ta jihar Ogun, mai shanu a kasuwar Kara ya san abin da ke tafe. Auna haɗari a kasuwa irin tamu ai ba sai da kwamfuta ba. Mutum uku da littafi su zaga: wace rumfa ce a kwari, wace kwata ce ta toshe da leda, ina wayar wuta ta yi saƙar gizo.

Na san za a ce inshora akwai shubuha. To akwai takaful, wato inshorar Musulunci, kamfanoninsa na da lasisin hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, a kira su a yi musu tambayoyi gaban malamai. In ma ba a so, mu da muka iya adashi me zai hana mu ware wani abu a kan kowane buhu da aka sauke, a rubuta sharaɗin fitarwa tun rana na waje? Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai riƙe kuɗin, don an sha cin amana. Sai a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa karanta lissafi duk wata.

Na kawo maganar a taronmu, wani dattijo ya ce, "Yaro, a bari sai bayan Sallah." Na ce to, Baba. Ni dai na sayo katako na ɗaga buhunana kamu biyu daga ƙasa, ga hadari can ya haɗo ta wajen Ikorodu.