Takardar waƙa da kunnen 'yar Kano

Makon jiya 'yata ta dawo daga makaranta idonta jajir. Ta je gwajin shiga ƙungiyar mawaƙan makarantarsu a nan Manchesta, ba a ɗauke ta ba. Na tambaye ta ko muryar ce ta shaƙe, ta ce, "Umma, waƙar da na shirya na rera ta lafiya lau, har malamar ta yaba. Takarda ce ta kayar da ni."

Bari in faɗa muku yadda takardar nan take. Layuka biyar ne a kwance, an jera ɗigo-ɗigo a kansu da tsakaninsu, wasu baƙaƙe, wasu da farin ciki, galibi da 'yar jela. Inda ɗigo ya zauna shi ke nuna hawan murya ko saukarta, siffarsa kuma ta nuna iya yadda za a ja. Yarinya za ta shiga ɗaki ita kaɗai, malama na zaune gaban fiyano. A miƙa mata waƙar da ba ta taɓa ji ba, a danna mata sautin farko, ta ɗan duba, sai a ce ta rera. Hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM, wadda aka kafa a 1889, rabin minti take ba ɗalibi ya duba kafin ya fara.

Suna da hujjarsu, ban musa ba. Ƙungiyar murya huɗu ce, daga siririya zuwa kakkaura, kowace da hanyar da take bi, ga waƙoƙi da yawa, ga lokacin bita kaɗan. Wanda ya iya karatu ya hutar da malami. Abin kuma ya daɗe a wurinsu, tun ƙarni na 11 da wani limamin kirista a Italiya, Guido na Arezzo, ya tsara rubuta sauti a kan layuka.

To amma ni a Yakasai na tashi. Kun san 'yan amshi. Kun san ranar Maukibi, yadda dubban mutane ke tasowa daga Kabara da bandiri, baki ɗaya, ba mai riƙe da ko guntuwar takarda. A dandali wata za ta ƙirƙiro baiti nan take, kafin ta rufe baki mun cafe, tafi bai karye ba. Hausa ma kanta da hawa da sauka ake yin ta, shi ya sa kunnen ɗanmu tun yana goye yake a wase. Yarinyar nan sau ɗaya za ta ji kari ta mayar maka da shi daram. A ɗakin nan ba wanda ya rera mata layi biyu ya ce ta maimaita, balle a ce ta ƙara nata. Wannan shi ne ya yi mini ciwo.

Su wa suka ci? Mafi yawa yaran da iyayensu ke biyan malamin fiyano tun suna firamare. Ashe aljihun uba ake aunawa, a ce murya ce. Abin da ake koyo cikin 'yan watanni bai kamata ya zama ƙofa ba. A ɗauki mai kunne a koya masa mana. Ko a cocin Sabon Gari mawaƙa da do re mi suke karanta waƙa, tsarin da Sarah Glover da John Curwen suka yaɗa daga nan Ingila a ƙarni na 19, don talakan da bai da fiyano ya samu shiga. Turawan Ingila ne suka kai mana mai sauƙin, su ne kuma suke tare 'ya'yanmu da mai wuyar.

Na kira ƙanwata a Kano ina ta faɗa, sai ta ce, "Yaya, wane dandali kuma? Yaran yanzu in an yi isha'i kowa na kan waya." Jikina ya yi sanyi. Waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na reno da 'yata ta iya, duk daga bakin Hajiyarmu ta ɗauke su, a 'yan hutun da muke zuwa. Babu su a takarda, Hajiya kuma girma ya kama ta. Ƙananan nawa biyu ko amshi ba sa iyawa, in na yi musu Hausa da Turanci suke ba ni amsa.

Zan biya mata malamin ɗigon nan, tunda tana so. Amma hutun bana Kano za mu je dukanmu, kuma a ɗakin Hajiya za su riƙa kwana.