Ranar da aka zo gaisuwar kakana yana shan fura

Kakana badukku ne na cikin garin Sakkwato, gidanmu ba nisa da Hubbaren Shehu. Tun kafin naira ta kori fam a 1973 yake ɗinka fatar jar akuya, irin wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Yanzu ido ya yi rauni, amma ya riƙe basilla ka ga tumtum ya fito kamar ba hannu ya yi shi ba.

Na ga masu hoto a Instagram suna ɗaukar tsofaffi a baƙi da fari, kowace tamoji ta fito raɗau, mutane na ta yabo. Na ce ai mu ma muna da namu tsoho, kuma ya fi nasu furfura.

Abin da nake so shi ne in ɗauke shi a zaure da 'yar shararsa, fata a cinya, goro a baki. Da na faɗa masa sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai yaron ga, hakanan zaka nuna ni ga duniya, kamar wanda ya kwana kasuwa?"

Ya shige ciki. Zafin Afrilu ne, irin wanda ke haura digiri 40, ni kuwa ina tsaye da waya. Sai ga shi da babbar riga mai aska takwas, tana ƙamshin adaka, da rawani, da agogon da ya daina tafiya tun ina firamare. Ya sa aka ciro hoton Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, aka jingina a bayansa. Ya ɗora hannuwa kan gwiwa, ya ɗaure fuska tamau. Na ce Baba Tsoho, ɗan murmushi mana. Ya ce a zamaninsu mai hoto kan shige cikin baƙin ƙyalle ya ce kowa ya tsaya cak, kuma dattijo ba ya washe baki gaban akwati.

Gaskiya hoton ya yi kyau. Na mayar da shi baƙi da fari, na ɗora a WhatsApp da Facebook, na rubuta "Allah Sarki Baba Tsoho", na sa wayar caji na kwanta.

Kukan Inna ne ya tashe ni bayan La'asar. Ƙanwarta ta bugo daga Gusau tana salati. Kawu ya riga ya hau mota daga Birnin Kebbi. A ƙarƙashin hoton kuwa "Allah ya jiƙansa" ake ta jerawa, har da wani da ya rubuta cewa jiya-jiya ya gan shi a masallaci. To ina laifina? Mutanenmu ne ba su saba ganin hoton tsoho a waya ba sai ranar da ya cika.

Kafin in goge, maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kowa ya yi sallama ya leƙa zaure sai ya tarar da mamaci da ludayi a hannu, bai ko kwance rawanin ba. Wani ya bar takalminsa a nan. Baba Tsoho kuwa ko a jikinsa, sai lissafi yake yi: wane ya zo, wane bai zo ba, ashe haka zumuncin yake.

Can sai ga wani mai sayar da fata, yana share ido da bakin riga. Ya tsaya a waje ya ja ni gefe, ya ce ba don hakkin mamaci ba da bai yi magana ba, amma yana bin marigayi kuɗin fata goma.

Murya ta fito daga zaure: "Shigo da shi. Ni ka bin shi kuɗin tumtum tun bara, kuma yau ba ya hita sai ya biya."