Ku bar ƙauyen Laxton da gonakinsa yadda suke

Wallahi sharhin da wani bawan Allah ya rubuta a ƙarƙashin hotunan Laxton ya ɓata min rai, balle da na ga mutane suna bin sa da "gaskiya ne, Malam". Wai ɓarnar ƙasa ce. Wai a haɗe gonakin su zama guda, a kewaye su da shinge, a zuba manyan injuna. Haba jama'a! Ƙauye ɗaya tak ya rage a duk faɗin Ingila da ke noma da tsohon tsarin buɗaɗɗun gonaki tare da kotunsa, shi ne kuma ya tsone muku ido?

Tsohon coci da gidajen jan bulo ba su da wuyar samu a Ingila. Laxton ma yana da nasa: ga cocin St Michael, ga tudun da Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi, suka kafa sansaninsu a kai a bayan gari, sunansa kuma yana cikin kundin Domesday, wato littafin ƙidayar filayen Ingila na 1086. Ƙauyuka barkatai na iya yin wannan alfahari. Abin da ba su da shi, shi ne tsarin. Tsarin shi ne gadon, shi kuma kuke cewa a rushe.

Manyan filaye uku ne a wannan ƙauye na yankin Nottinghamshire: Mill, South da West. Babu shinge a cikinsu. Kowane manomi yana da yankuna dogaye sirara, warwatse nan da can, nasa na jikin na maƙwabcinsa. Bana fili ɗaya ya ɗauki alkamar hunturu, ɗaya amfanin bazara irin su sha'ir, na ukun a bar shi ya huta, baɗi a juya. Gidajen manoman kuwa a jere suke a bakin titin gari da rumbunansu da garakensu, domin wanda gonarsa ke wuri goma ba shi da inda zai tare sai tsakiya.

To, wa ke hana wani cin iyakar wani? Nan ne abin ya fi taɓa ni. Duk ƙarshen Nuwamba, ana tsananin sanyi da laka, manoma 12 da shugabansu sukan fita da turakun katako da guduma, su bi filin da aka shuka wa alkama. Inda turke ya ɓace su kafa sabo. Wanda garmarsa ta shiga hanya, ko ya bar ramin ruwa ya toshe, a rubuta sunansa. Bayan mako guda kotun gari ta zauna a mashayar Dovecote, a karanto laifi, mai laifi ya kare kansa, a yanka masa tara. Tarar 'yan fam ce kawai. Amma a ambaci sunanka gaban mutanen da za ka gaisa da su gobe da safe, wannan ya fi kuɗin ciwo. Kuma ba wasan kwaikwayo ake yi wa 'yan yawon buɗe ido ba. A 1977 da majalisar dokokin Birtaniya ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan tsofaffin kotuna, ta ware ta Laxton da sunanta ta bar mata ikonta.

Mai sharhin ya ce amfanin da ake samu kaɗan ne. Mun ji. Yankin Lincolnshire yana nan maƙwabtaka, gonaki iya ganin ido, ya je can ya ƙoshi. Ya ce ana hana mutanen Laxton ci gaba. Wa ya gaya masa da shanu suke huɗa? Da tarakta suke aiki kamar kowa, suna kuma da wasu gonakin masu shinge a gefe. Tun farkon ƙarni na 20 aka haɗe ƙananan yankunan suka ƙara faɗi. Mutanen nan sun san abin da za su sauya da abin da za su riƙe, ba sa bukatar wanda bai taɓa taka wurin ba ya koya musu.

Sannan akwai filayen ciyawa da ke ratsa gonakin, waɗanda ba a nomewa, ba a zuba musu taki ko feshi. Ta nan ruwa ke bi, ta nan ake wucewa, kamar dai burtali a wajenmu, kuma kun san abin da ke faruwa da burtali idan babu mai tsawatarwa. Saboda an tsare su shekaru aru-aru, furannin daji da suka ɓace a wasu wurare suna nan, har hukuma ta sa su cikin wuraren da doka ke karewa. Ciyawar ma gwanjonta ake yi duk shekara. A haɗe gonakin, su ma sun tafi.

Ko masu mulkin ƙasar sun gane haka. A 1952 ma'aikatar noma ta sayi gidajen da gonakin daga iyalin Manvers masu mallakar ƙasar don kada tsarin ya watse, a 1981 suka koma hannun hukumar kadarorin masarauta, a 2020 kuma masu gandun Thoresby suka saya, manoman na ci gaba da haya. Taswirar da Mark Pierce ya zana a 1635, mai ɗauke da ƙananan hotunan masu huɗa da masu shuka, tana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, kuma har yau ana gane filayen nan uku a jikinta.

Ku kuma ɗalibanmu da ke Nottingham, ku ma ina da ƙorafi a kanku. Mutum ya gama digiri sukutum, hotunansa duka a gaban shaguna ne da gunkin Robin Hood. Ku haɗa kuɗin mai ranar Asabar ku nufi wajen garin Ollerton, daga nan tafiya kaɗan ce. Ku tafi da takalmin roba, lakar wurin ja ce kuma tana kama ƙafa, kada wani ya je min da farin kambas ya dawo yana zagina.