Ba mai saye kaɗai ke zaɓar launin mota ba

Mutane da yawa sun ɗauka fari, baƙi da toka-toka sun cika tituna ne don su jama'a suka fi so. Ba nan gizo ke saƙar ba.

Dillali ne ke yin oda tun kafin mai saye ya zo, kuma ba zai zuba jarinsa a mota ruwan ɗorawa da za ta yi watanni tana shan rana ba. Kamfanonin haya ma suna saye da yawa, hankalinsu na kan ranar da za su sayar. A masana'anta kuwa, duk canjin launi sai an wanke bututun feshi da sinadari, fenti ya salwanta. In ƙofa ta lotse, farin da ba ya ƙyalli ya fi sauƙin daidaitawa da sauran jikin motar wajen gyara; ja mai ƙyalli kan nuna bambanci da zarar an fito rana.

Al'ada da yanayi na da nasu. Sin da Japan sun fi karkata ga fari, wanda ke rage zafi. A Birtaniya toka-toka ke kan gaba tun 2018.