Jira ma aiki ne

Tun ina yaro a unguwar Nima da ke Accra nake ganin Goggo tana jiƙa geron koko. Sai ya kwana a ruwa kafin a kai niƙa da citta da kanumfari, a tace, a sake barinsa ya yi tsami. Ban taɓa ganin ta zauna ta zuba wa roba ido ba. A tsakanin nan take surfa waken ƙosai, ta sayo gawayi. Ranar da ta dama gasarar da ba ta kai ba, masu saye ne ke fara cewa, "Goggo, yau kokon nan lami ne."

Na kawo wannan ne saboda yadda mu Kirista muka mai da "ina jiran Ubangiji" inuwar fakewa. Wani ya kwanta a ɗaki, ko takarda ɗaya bai kai ko'ina ba, wai lokacin Allah yake jira. Wani kuma kowace Juma'a yana addu'ar dare a sabon coci, yana neman faston da zai matsa wa Allah lamba. Ni ma na yi, kada ku ce wa'azi nake muku. Bayan na gama bautar ƙasa, wata takwas na kwashe a haka.

Labarin Sarki Saul a Gilgal ne ya tayar da ni, 1 Sama'ila sura 13. Annabi Sama'ila ya ce masa ya jira shi kwana 7, zai zo ya miƙa hadaya. Ya jira fa! Amma Filistiyawa sun taru, mutanensa suna ta zamewa, sai ya miƙa hadayar da kansa. Yana gamawa, sai ga Sama'ila. Ɗan guntun lokacin nan ne ya raba gidansa da sarauta. Kullum na karanta sai gabana ya faɗi, don na san wannan zafin, a ce kowa ya wuce kai kana nan.

Almajirai kuwa, da Yesu ya ce kada su bar Urushalima, mutum wajen 120 suka haɗu suna addu'a, har suka zaɓi Matiyas a gurbin Yahuza da ya ci amanar Yesu, kafin Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, ta zo.

Har yau ba a kira ni aikin da nake roƙo ba. Da asuba nakan yi addu'ata, in sha kokon Goggo, in hau trotro, motar hayarmu, zuwa unguwar Circle inda nake koyon gyaran waya. Jiya na canza gilashin waya na farko ban fasa ba.